Keken Ɗinki Ɗaya a Gida Goma Sha Ɗaya

Canberra, 4 ga Maris

Zuwa ga taubashina Sakiusa,

Tavale, kamar yadda muke kiran taubashi a gida, gaisuwa mai yawa. Ina fatan kana lafiya, kai da yara da Mereoni, in dai har yanzu baiwar Allah tana haƙuri da kai. Yaya mahaifiyarka, goggona Nei Asenaca, da ciwon gwiwarta? Yaya ƙanenka Osea? Allah ya sa farfaɗiyar ba ta sake tashi ba. Ni lafiya lau, sai sanyi da ya fara leƙo garin nan.

Ka daɗe kana tsokanata wai ana biyana albashi in zauna a kujera ina ƙirga talakawa. To yau ka buɗe kunne ka ji abin da nake yi. Ka san yadda ake ba da katin tallafi a da: jami'i ya sauka daga jirgin ruwa, ya sha kava, jiƙon saiwar nan na karɓar baƙi, da mai gari, ya rubuta sunan wanda aka nuna masa. Mai ɗan'uwa a ofis ya samu, gwauruwar da ba ta da baki ta rasa. Shekara biyu ke nan ni da abokan aikina muna haɗa wa ma'aikatar gwamnati a Suva, babban birninmu, wani awo da ba ruwansa da sanayya. Tambayoyi ne arba'in da biyu: da me aka rufa ɗaki, a kan me ake girki, akwai abin sana'a a gida ko babu, sau nawa aka ci nama a mako, ko akwai wanda ya kwana da yunwa. Kowace amsa da makinta. Gidan da makinsa ya gaza wani layi ya sami kati, wanda ya haura a cire shi. In an gama zagaya tsibiran mu tattara, mu rubuta rahoto, kwamiti ya duba, sannan a kai majalisa a sa a kasafin baɗi. Yawancin tambayoyin ni na rubuta su da hannuna, kuma ba zan ɓoye maka ba, ina alfahari da su.

Wadda za ta zo muku Yanukula a jirgin Afrilu sunanta Malama Unaisi. Mutumiyar birni ce, ba ta taɓa kwana a tsibiri ba, teku kuma yana juya mata ciki. Kwana uku za ta yi, ta shiga kowane gida, ta yi tambaya, ta ɗauki hoto. Baƙuwata ce, ku riƙe min ita da kyau.

Ka gaya wa Nei kada ta damu da katin Osea. Na san da shi ne nas take karɓo masa magani a jirgin kowane wata, da shi ne kuma take samun ɗan abin cefane. Gida irin nata aka yi awon nan dominsa.

Taka, mai ƙirga talakawa,
Torika

*

Yanukula, 19 ga Afrilu

Zuwa ga Torika 'yar Ostireliya,

Tavale, mun ga takardarki, mun gode. Kowa lafiya. Mereoni ta ce in gaya miki haƙurin da take yi da ni bai kai wanda ƙasar mutane take yi da ke ba. Gwiwar Inna tana nan yadda kika sani, in hadari ya taso sai ta riga kowa ji. Osea kuwa, godiya ga Allah, wata bakwai ke nan bai faɗi ba. Ya yi ƙiba, ya koma saƙar kwandunan kamun kifi, har daga tsibirin gaba ake aiko saye.

Baƙuwarki ta zo ta tafi. Kai, da kin gani! An sauko da ita daga jirgi fuskarta kamar ɗanyen gwaza, amma kafin ta bar mu sai da zanenta ya matse ta. Na karanta wa jama'a takardarki a coci ranar Lahadi, mai gari Ratu Peniasi ya miƙe ya ce baƙuwar 'yarmu baƙuwar gari ce, duk wanda ya ba mu kunya zai gamu da shi. Alade biyu aka yanka, kaji ban ƙirga ba. Mata kwana uku ba su zauna ba, suna ta kai da kawo ta bayan gidaje. Kowane ɗaki ta shiga ta same shi fes, har na tsohuwa Varanisese da kika san ko kujera ba ta da ita. Gidan Inna kuwa ba a magana, ni kaina da na leƙa sai da na tsaya a bakin ƙofa.

Tambayoyinki dai, Tavale, wasu ba su da kunya. Baƙuwar ta dubi Inna, uwar mutane, ta ce wai a makon nan akwai wanda ya kwana da yunwa? Inna ta yi dariya ta tura mata akushin nama ta ce, "'Yata, ci ki ƙara, nan ba a san wannan ba." Ita ma matar kunya ta kama ta, ta yi maza ta rubuta ta wuce.

To mun fita haƙƙinki. Ba mu ba ki kunya ba. In ta koma ta faɗi wani abu da ba alheri ba, ƙarya take yi.

Ki turo min takalmin roba lamba goma, tunda ke ce mai arzikin dangi.

Mijinki na wasa,
Sakiusa

*

Yanukula, 22 ga Agusta

Torika,

Ina gaisuwa. Muna nan da rai. Jirgi huɗu ya zo ya koma ban ga amsarki ba. Wayar ɗakin nas ta lalace tun Mayu, da na kira ki na faɗa miki wannan da bakina.

Jirgin shekaranjiya ya kawo takarda daga ma'aikata, an manna ta a ƙofar ɗakin taro. Gida goma sha ɗaya aka cire daga tallafi. Na farko a jerin Inna ce. Varanisese ma tana ciki, da makaho Nemani. An rubuta a ƙasa wai binciken masana ya nuna Yanukula ta samu ci gaba. Ci gaba! Farashin kwakwa ya faɗi, busasshiyar ma ba mai saye, rufin Inna yana yoyo a wuri uku. Ni da nake da baki bakwai a gidana, me zan ɗauka in ba ta?

Nas ta ce ba kati ba magani a jirgi. Sai dai Osea ya tafi babban asibiti da kansa kowane wata, kuɗin jirgi kuma kin san shi. Ƙwayoyin da suka rage masa na mako biyar ne. Inna ta fara raba su biyu da wuƙa don su ja kwana, nas ta yi mata faɗa, ba ta ji ba.

Ki gaya min, me muka yi wa baƙuwarki? Abinci ne bai ishe ta ba, ko tabarmar da muka ba ta ce ta raina? Ke kika ce kada Inna ta damu. Da bakina na karanta a coci, jama'a suka amsa da amin. Yanzu in na bi ta gari ba mai ce min komai, wannan ya fi zagi ciwo. Wasu na cewa kin yi shiru ne don kin san abin da kika ƙulla. Ina musu, amma na fara gajiya da musun.

Sakiusa

*

Canberra, 17 ga Satumba

Zuwa ga taubashina Sakiusa,

Ina gaishe ka, ina gaida Nei, ina gaida Osea. Allah ya sa takardar nan ta riske ku kafin ƙwayoyin su ƙare. Na haɗo da kuɗin jirgi da na magani na wata biyu, a kai shi a jirgin farko, kada a jira komai.

Shiruna ba na raini ba ne. Dokar aikinmu ta hana mu yi magana da mutanen da ake bincike a kansu har sai sakamako ya fita, don kada a ce mun sa hannu. Ni ma ban ga sunayen ba, lambobi muke gani. Da na ga makin Yanukula ya tashi, wallahi murna na yi. Har na faɗa a taro cewa garinmu ne.

Ranar da takardarka ta zo na nemi izini na buɗe hotunan da Malama Unaisi ta ɗauka. Na fara da gidan Nei. Ga labule shuɗi, ga risho, ga rediyo, ga tangaran a jere, a kusurwa kuma ga keken ɗinki. Na buɗe na Varanisese: labule shuɗi, risho, keken ɗinki. Na buɗe na Nemani, makaho, shi ma yana da keken ɗinki. Sai na ƙara girman hoton.

Tavale, a kan murfin katakon akwai tabon ƙuna, siffar dutsen guga. Ni na yi shi. Ina da shekara tara na ɗora dutsen guga da garwashinsa na tafi kallon jirgi, mahaifiyata ta zane ni har kai ma ka yi kuka don tausayi. Keken uwata ne, wanda ta bar wa ƙungiyar matan coci da za ta rasu. Na ƙirga shi a gida goma sha ɗaya. Na zauna a ofis ina kuka, abokan aikina suka ɗauka mutuwa aka yi min.

A awonmu, keken ɗinki abin sana'a ne, makinsa mai nauyi. Ka ƙara risho, ka ƙara rediyo, ka ƙara cin nama sau uku a mako, ka ƙara "ba wanda ya kwana da yunwa." Da kaɗan Nei ta haura layin. Baƙuwar ba ta yi muku ƙarya ba, abin da idonta ya gani ta rubuta.

Akwai gyara. Doka ta ba da damar ƙorafi, amma sai gari ya rubuto da sa hannun mai gari cewa kayan na aro ne, a sake zuwa a auna. Don Allah ka kai maganar gaban Ratu Peniasi. Layi biyar ma ya isa.

Takalminka na nan a ƙarƙashin tebur tun Mayu, na haɗo.

Taka,
Torika

*

Yanukula, 21 ga Oktoba

Torika,

Gaisuwa. Kuɗi sun iso, takalmi ya iso, mun gode. Amma sun iso a makare da kwana tara.

Osea ya faɗi. Da hantsi ne, yana taya ni juya kwakwa a kan wutar busarwa, na juya baya in ɗauko itace sai na ji ƙara. Hannunsa na dama ne ya shiga garwashin, ciwon kuma ya riƙe shi, bai san ma yana ƙuna ba. Ni na janye shi. Ba zan kwatanta miki ba. Mun kai shi babban asibiti a kwale-kwalen maƙwabcinmu Ilaitia, awa biyar a kan ruwa, Inna na riƙe da kansa a cinyarta. Ya dawo yanzu, hannu a naɗe, da maganin wata biyu. Bayan nan ban san ba, kuma ba shi kaɗai ba ne, akwai sauran gida goma da ba su da taubashiya a Ostireliya.

Na kai maganarki ɗakin taro. Sai da kwaryar kava ta zaga sau biyu kafin wani ya yi tari. Ratu Peniasi ya ce, "Wato mu rubuta wa gwamnati cewa mu maƙaryata ne, sannan mu ƙara da cewa mu mabarata ne?" Na ce ba haka ba ne, Ratu. Ya ce, "To yaya ne? Karanta min yadda za a rubuta shi ba haka ba." Ilaitia ya ce ai ba ƙarya aka yi ba, keken na matan gari ne, kowace mace tana da haƙƙi a kansa, in ya kwana ɗakinta nata ne. Kowa ya ce gaskiya ne.

Na koma wurin Inna ina tsammanin ita za ta goya min baya, ɗanta ne a kwance. Ta ce, "Sakiusa, shekara saba'in da ɗaya ba baƙon da ya taɓa ganin ƙasan tukunyata. Ka bar ni in mutu a haka." Na ce Osea fa? Ta ci gaba da ɓare rogo.

Yanzu ke. Kin ce baƙuwar ba ta yi ƙarya ba, to mu ma ba mu yi ba. Ba ta tambaye mu na wane ne ba. Na karɓi takardar na duba lokacin da take cin abinci, tambaya arba'in da biyu, babu ɗaya da ta ce "naki ne?" Cewa take "akwai?" To akwai mana! Ke da kika rubuta, a ina aka haife ki? Shekarar da babban fasto ya zo, wa ya riƙa ɗaukar tangaran ɗin malamin makaranta a ka daga gida zuwa gida ta bayan ayaba? Ba ni da ke ba ne? Har kika fasa ɗaya kika ce ni ne. Da Baturen ofishinku ne ya manta wannan da na yi masa uzuri. Ke ba ki da shi. Kuma kika ƙara da cewa baƙuwarki ce. Me kika zaci za mu yi?

Raina a ɓace yake, ba zan ɓoye ba. Mereoni ta ce in yaga takardar nan in sake wata mai laushi. Ba zan sake ba.

Sakiusa

*

Suva, 7 ga Nuwamba

Tavale,

Ina gaisuwa. Ka yi wa Osea sannu, ka ce masa ina ganin hannun nan a gabana duk inda na zauna. Ka gaida Nei, in za ta amsa.

Gara da ba ka yaga ba. Duk abin da ka faɗa haka yake. Na manta. Shekara goma sha huɗu ina karanta yadda ake auna talauci a ƙasashen duniya, na kwaso tambayoyin da aka gwada a wurare ashirin, ban tsaya na tambayi kaina yadda goggona take karɓar baƙo ba. Tangaran ɗin ma ni na fasa.

Na kai wa shugabana Farfesa Kendrick hotunan. Mutumin kirki ne, ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "Abin tausayi ne, Torika. Amma tsibiri ɗaya ne cikin sittin, ba zai canja sakamako ba." A lissafi gaskiyarsa ne. Sai na koma na yi mako biyu ina bin hotunan sauran tsibirai ɗaya bayan ɗaya. Na sami agogon bango ɗaya a gida tara a wani wuri, na sami injin kwale-kwale ɗaya a gida shida a wani. Duk inda aka sanar da zuwan mai tambaya tun kafin ya iso, maki ya tashi. Inda ya faɗo musu ba zato, bai tashi ba. Wato awona ya fi hukunta garin da ya fi karamci.

Shekaranjiya na tsaya gaban kwamiti a nan Suva. Yawancinsu 'yan ƙauye ne irinmu da suka sa kwat. Da na nuna keken, wata mata a ƙarshen tebur ta rufe baki tana dariya, sannan na ga ta share ido. Amma shugaban ya ce an riga an buga rahoto, an yi jawabi a kansa, ba a rushe tsari saboda hoto. Bayan awa uku ga abin da suka yarda: a sake auna Yanukula kaɗai a matsayin gwaji, ba sai mai gari ya rubuta komai ba. A ƙara tambaya biyu, "na wane ne" da "tun yaushe yake ɗakin nan." In bambanci ya fito a mayar da katunan, baɗi kuma a sake sauran tsibirai. Sharaɗi shi ne sakamako ya shigo kafin ashirin ga Disamba, ranar da ake rufe jeri, kuma ni in rubuta a shafin farko cewa kuskuren daga awon ne. Na rubuta. Wasu da muke cin abinci tare sun daina ganina a hanya, ba komai.

Sun ce ba kuɗin tura ma'aikaci. Na ce zan je da kaina, a hutuna, da wata jami'a da za ta shaida. Ina cikin jirgin Disamba.

Roƙona ɗaya ne, Sakiusa. Kada a ari komai. Kada a yanka komai. In na sami labule shuɗin nan a ɗakin Nei dole in rubuta, jami'ar na tsaye, kuma ba za a ba mu dama ta uku ba. Ka gaya mata ba baƙuwa ce za ta zo ba, 'yar wanta ce.

Taka,
Torika

*

Yanukula, 20 ga Nuwamba

Torika,

Gaisuwa. Hannu yana warkewa a hankali. Jirgi na jiran kaya, a tsaye nake rubutu.

Na karanta wa Inna takardarki sau biyu. Ta ce, "'Yar wana ce, ban musa ba. Amma wadda ta yi shekara goma sha huɗu ba ta taka garin nan ba, ko jana'izar mijina ba ta zo ba, baƙuwa ce. Kuma da jami'ar gwamnati za ta zo. Yadda ake karɓar baƙo haka za a karɓe ta."

Mata sun fara saƙa sababbin tabarmi. Ratu ya ware alade. Na yi magana har muryata ta dishe, an ce ni ne marar kunyar gari. Maganin Osea zai kai ƙarshen Disamba.

Ki zo dai. Ban san abin da za ki tarar ba.

Sakiusa

*

Yanukula, 12 ga Fabrairu

Zuwa ga taubashiyata Torika,

Tavale, gaisuwa mai yawa daga ni da Mereoni da yara. Ina fatan kin koma lafiya, cizon saurayen garinku kuma ya baje. Mun ga yadda kika manta tuƙa kwale-kwale, har yanzu ana ba da labari.

Katuna sun zo a jirgin Janairu, guda tara. Na Osea na ciki, nas ta karɓo magani, mako biyar ke nan bai faɗi ba. Gida biyun da kika tarar da kayan aro ba su samu ba, kin sani, ke kika rubuta. Yayar Ratu Peniasi, mai ɗaya daga gidajen biyun, ta ce ba ta yi nadama ba, ta kuma ce ba za ta sake gaishe ki ba. Muna kai mata kifi in an samu. Hannun Osea ya warke, amma yatsu uku ba sa lanƙwasuwa. Ya gwada saƙa, igiyar na zamewa. Ya rataye kwandon da bai ƙarasa ba a bango, ya hana a sauke.

Akwai abin da ba ki gani ba, kuma kwana biyun da kika yi ban sami bakin faɗa miki ba. Ke dai kin shigo kin tarar da ɗakin Inna wayam, da tsohuwar tabarma, da kwanoni uku na tarar yoyo. Kin ɗauka ni na shawo kanta. Ba ni ba ne.

Da safiyar da aka hango jirginku, ɗakin Inna a shirye yake tsaf. An rataya labulen, an jera tangaran, risho na kusurwa. Mata huɗu suka taho da keken a kan tabarma. Suna isowa suka tarar da Osea zaune a bakin ƙofa, ya miƙe ƙafa ya tare hanya, hannun nan a kan cinyarsa. Kin san shi, sai ya wuni bai yi jimla biyu ba. Mereoni ta ce, "Osea, matsa mana." Bai dube ta ba. Inna ta fito ta ce, "Tashi, baƙi sun kusa." Sai ya ce, "Inna, ki zaɓi wanda zai zauna a ɗakin nan, ni ko keken."

Jirgi ya yi ƙaho na biyu. Inna ta daɗe tana kallon hannun, tun da ya ƙone ban ga ta kalle shi sosai ba sai ranar. Sannan ta ce wa matan, "Ku mayar coci." Ta koma ciki ta sauke labulen da kanta, da gwiwar nan ta hau akwati, ta hana a taya ta. Ta miƙo tangaran ɗaya bayan ɗaya ta taga. Da labari ya zaga, sauran gidaje suka fara fitar da nasu, Varanisese ce ta farko. Aladen Ratu kuma yana nan da ransa, ya yi ƙiba, yara sun sa masa sunanki.

Da ɗakin ya koma yadda yake, ta tambaye ni me ke madafa. Na ce rogo ne kawai, ba a fita kifi ba saboda shirin baƙi. Na ce bari in ruga gidan Ilaitia in aro kifi. Ta ce, "Zauna."

Kin tuna da kika zo kan tambayar yunwa, ta juya fuska bango ta ce, "Rubuta." Bayan tafiyarku Lahadi uku ba ta je coci ba. Ta ce gwiwa ce, kowa ya san ba gwiwa ba ce. Ta huɗu ta fita, ta zauna a layin baya. Ba na jin za ta koma yadda take, Tavale, wani abu ya sauka a jikinta. Kin ce tambayoyi biyun nan sun shiga takardar baɗi, tsibirai sittin za su amfana. Na gaya mata. Ta ce Allah ya ba uwayensu haƙuri.

Jiya da ta ga ina rubutu ta tambaya wa nake rubuta wa. Na faɗa. Na ce ko tana da saƙo, don tun da kika tafi ba ta ambaci sunanki ba, ni kuma na ɗauka fushi ne. Ta yi ta tsintar shinkafa kamar ba ta ji ba. Har na naɗe takarda, sai ta ce in buɗe in ƙara wannan, kuma in rubuta yadda ta faɗa:

"Ka ce wa Torika, tun da aka kafa gidan nan ba a taɓa ajiye wa baƙo rogo zallansa ba, ba kifi ba miya. Ita an ajiye mata, ta kuma cinye. Ta san ma'anar wannan. In za ta dawo kada ta aiko takarda, ta shigo ta ƙofar madafa kamar kowace 'yar gida."

Naki, har yanzu marar kunyar gari,
Sakiusa